Rabi'u Ali: ya ci gaba ko ya ajiye ƙwallo?

Magoya bayan Kano Pillars sun kasu biyu kan kyaftin Rabi'u Ali, wanda ake wa laƙabi da Pele, yanzu da ya haura shekara 40.

Masu cewa ya ci gaba suna da hujja. Da shi aka ci kofin gasar Najeriya sau uku a jere, 2012 zuwa 2014, kuma da ƙungiyar ta faɗo zuwa ƙaramar gasa a 2022 bai gudu ba. Bugun tazara da raba ƙwallo ba gudu suke buƙata ba, kai suke buƙata, shi kuwa har yau kansa na aiki. Ga kuma masu sayen tikiti a filin Sani Abacha don su gan shi kawai.

Ɗaya ɓangaren na cewa gwiwa ba ta ƙarya. Doguwar tafiya a mota zuwa Aba ko Fatakwal tana gajiyar da matashi ma, balle shi, sannan akwai yaran da ke jiran gurbinsa.

Ni dai na fi karkata ga masu cewa ya ci gaba, amma a riƙa sako shi bayan hutun rabin lokaci, musamman a wasannin waje.