Wane Tambari Za Ka Nema a Jikin Ledar Gahawa?

Bishiyar gahawa takan yi shekara uku zuwa huɗu kafin ta fara 'ya'ya, kuma a ƙananan gonaki da hannu ake tsince su: a ɗauki jajayen, a bar ɗanyun sai wani zuwan. Amma mai wannan wahala ba shi ke yanka farashi ba, a kasuwannin New York da Landan ake yankawa. A 2019 laba ɗaya, wato giram 454, ta nau'in gahawar da ake kira Arabica ta faɗi ƙasa da dala ɗaya. A 2025 kuma ta haura dala 4. Wasu daga tamburan da ke jikin leda ƙoƙari ne na rage wa manomi wannan hawa da sauka, sai dai ba alkawari ɗaya suke yi ba.

Fairtrade ne ya fi maganar kuɗi kai tsaye. Asalinsa tambarin Max Havelaar da aka fara a Holan a 1988 da gahawar manoman Meziko. Yana aiki da ƙungiyoyin gama-kai na ƙananan manoma, kuma ya sa farashin da ba a sauka ƙasa da shi ko kasuwa ta karye: tun 2023, dala 1.80 kan labar Arabica wankakkiya. Akwai ƙarin santi 20 kan kowace laba da ke shiga asusun ƙungiya, mambobi su zauna su yanke abin da za a yi da shi, ko rumbun ajiya, ko sabon dashe, ko gyaran hanya. Wannan sashen ya fi kwanta mini a rai, don su ke da ta-cewa. Rauninsa shi ne ƙungiya ba ta cika samun mai sayen duk amfaninta bisa wannan sharaɗi ba, sauran sai ta kai kasuwa a farashin kowa. Kuma ɗan ƙodagon da aka ɗauka tsinta ba lallai ribar ta iso hannunsa ba.

Rainforest Alliance, mai hoton koren kwaɗo, wanda ya haɗe da wani tambarin irinsa mai suna UTZ a 2018, ƙarfinsa na wajen kare daji, ruwa da lafiyar ma'aikata. Yana karɓar manyan gonaki ma, amma bai kafa mafi ƙarancin farashi ba.

Organic kuwa labarin ƙasar noma yake ba ka: ba takin zamani, ba feshin guba. Bai ce komai kan abin da aka biya manomi ba. Idan tsuntsaye da inuwa ne damuwarka, Bird Friendly na cibiyar bincike ta Smithsonian da ke Amurka ya fi tsauri, don sai gonar ta zama Organic kuma bishiyoyi sun yi wa aƙalla kashi 40 cikin 100 nata inuwa.

Sai masu rubuta Direct Trade, wato sun saya daga hannun manomi ba dillali. Wasunsu na biya fiye da kowa, amma babu wata hukuma da ke bin sawunsu, kowa na iya buga kalmar. Duba ko sun faɗi sunan gona ko ƙungiya, shekarar girbi, da nawa suka biya kan laba. In sun ɓoye kuɗin, ni nakan mayar da ledar.

In ba ka da lokacin bincike, ɗauki wadda ta haɗa Fairtrade da Organic, domin a nan manomi na samun ƙarin santi 40 kan kowace laba.