Tantance Bayanan Teku: Na Nan Take Ko Na Bayan Watanni?

Duk sa'ad da aka zo sabunta tsarin kula da ingancin bayanan teku, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini: a zuba kuɗi a tantancewar kwamfuta ta nan take, ko a ta ƙwararru da ke biyowa daga baya?

Shirin Argo ya isa misali. Yana da na'urori kusan 4,000 a tekunan duniya, kowace kan nutse mita 2,000, ta auna zafi da gishirin ruwa, ta taso duk kwana 10 ta aiko da sakamako ta tauraron ɗan adam.

Tantancewar kwamfuta ta fi sauri da araha, cikin awa 24 an saki bayanai. Tana kama kuskuren da ke fili, kamar zafin da ba zai yiwu ba, ko na'urar da ta nuna wai tana kan tudu.

Abin da take kasa gani ne ya fi damuna. Ma'aunin gishiri kan karkace sannu a hankali, kowane awo ka ga kamar daidai, alhali tafiyar ta kauce. Sai ƙwararre ya zauna ya gwada da awon jiragen ruwan bincike kafin ya gyara. Aikin kan ci kusan shekara, ga albashi, ga ƙarancin masu iya shi. Amma abin da ya gyara shi za a dogara da shi gobe da jibi.

Masu hasashen yanayi da ke buƙatar bayani yau, ta kwamfuta ce tasu. Masu bin diddigin ɗumamar teku shekara da shekaru kuwa, gara su jira ƙwararru.