Kwalin karta na roba mai takardar dokokin belot: abin da na gani bayan wata biyu

A farkon damina na sayi kwalin karta mai kati 32 a wani shagon littattafai da ke kusa da Babbar Kasuwar Yamai, a kan jika biyu, saboda wanda muke wasa da shi a fadarmu ya tsufa har kowa na gane balen kur, wato katin mai hoton saurayi da alamar zuciya, tun daga bayansa, domin kusurwarsa ta karye. Sabon na roba ne, kuma a cikinsa akwai ƴar takarda da aka rubuta dokokin belot da Faransanci. Mu dai ba ma sa kuɗi a wasanmu, hira ce da shayi bayan sallar isha'i.

Katin kansa ba ni da abin kushewa a kansa. Shayi ya zube masa sau biyu, aka goge da tsumma ya koma yadda yake, sai dai a makon farko yana da santsi, yakan suɓuce wa mai rabawa.

Takardar ce ta fi ɗaukar hankalina, domin da ita ƙanena, wanda ya zo hutu daga Tawa, ya fara koyon wasan. Ta yi bayani dalla-dalla cewa mutum huɗu ne ke bugawa, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa, kuma kowa na riƙe kati takwas. Lissafin maki ma ta fito da shi daidai: a launin atu, wato launin da aka zaɓa ya fi sauran ƙarfi a wannan rabon, bale ne babba da maki 20, tara na bi masa da 14, sannan as, wato katin mai alama guda ɗaya, da 11, alhali a sauran launuka balen nan maki 2 kawai gare shi, tara kuwa ba ta da komai. Jimillar maki 162 ne idan aka haɗa da goman da ake ba wanda ya ci zagayen ƙarshe, kuma ɓangaren da ya ɗauki atu, wato wanda ya zaɓe shi, yana bukatar 82.

Inda ta gaza shi ne batun abokin wasa, wanda kuwa shi ne ƙashin bayan belot. Ta ce wanda ba shi da launin da aka buga dole ya yanka da atu, ta tsaya nan, ba ta faɗi cewa idan abokinka ne ke riƙe da zagayen wannan tilas ta faɗi ba. Wani dare da mu ne muka ɗauki atu, na ajiye as na pik, ɗaya daga cikin baƙaƙen launuka, babu wanda zai iya taɓa shi, sai ƙanena ya yanke shi da tarar atu, maimakon ya ɗora mini goman da ke hannunsa ba tare da wani katin launinta da zai tsare ta ba. Daga baya abokan hamayya suka cinye goman da as ɗinsu, suka kuma kwashe zagayen ƙarshe, muka tsaya a 78, duka makin suka koma gare su. Da na dube shi sai ya ce, "Yaya, ai haka takardar ta ce." Kuma gaskiyarsa ce, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo.

Wanda ya riga ya iya wasan, wannan kwali ya cancanci kuɗinsa. Mai koyo kuwa ya nemi wanda zai zauna kusa da shi a daren farko. Namu takardar na ɗauki biro na rubuta dokar da aka tsallake a bayanta da Hausa, na mayar da ita cikin kwalin.