Jitar jaz ta hannu da yadda ta jure hunturun Birnin Kebbi

Jitar kamfanin Epiphone ce, samfurin Joe Pass Emperor II, irin jitar nan mai doro da 'yan kasuwa ke kira acitof. Fuskarta da bayanta duk a tashe suke, cikinta fanko, ga huda biyu dama da hagu masu siffar harafin f. Ta hannu na saye ta. Ta ga hunturu a ɗakina da ke Badariya, ta ga bazara, ta ga damina, saboda haka yanzu ina da bakin magana a kanta. Duk wanda ya tambaye ni ko ya sayi irinta a ƙasar Kabi, cewa nake ya saya, amma da sharaɗi: ta zama ta katako mai falle-falle, kuma ya duba wuyanta tun kafin kyanta ya ɗauke masa hankali.

A wurin wani Alhaji na same ta, mai sarin kayan sauti na hannu daga kasuwar Alaba ta Legas. Cinikinsa na lasifika ne da amfilifaya da makirufo, masu sayensu kuwa masallatai ne da majami'u da makaɗan biki. Jitar cikin wani kaya ta shigo da ya saya a dunƙule, ta daɗe a rataye tana shan ƙura, don samarin da ke leƙa shagon siririyar jita suke nema, wadda ba rami a cikinta. Ya yi mata kuɗi naira dubu 550. Na ce, "Alhaji, ga tsatsa a tsirkiya, ga maɓalli ɗaya yana ƙara, sai ka duba ni." Ya ce, "Malam, ai ban da kai ba wanda ya taɓa taya ta. Faɗi abin da za ka iya." Muka tsaya a dubu 470 har da akwatinta mai tauri. Farashin irin wannan kaya dala yake bi, kada wani ya riƙe wannan adadi ya je shago yana musu da shi. Akwatin ne dai kada ka yarda a raba ka da shi.

Lambarta da harafin S ta fara, alamar a masana'antar Samick ta Koriya ta Kudu aka haɗa ta. Epiphone a da babbar kishiyar kamfanin Gibson ce a Amurka wajen ƙera irin wannan jita, kafin kamfanin da ke riƙe da Gibson ya saye ta a 1957. Joe Pass da sunansa ke jikinta gwanin jaz ne (wani salon kiɗa da ya samo asali a Amurka), Ba'amurke, ya rasu a 1994.

Ita ƙirar kanta daga gogen Turawa aka aro ta. Orville Gibson ne, a garin Kalamazu na Amurka, ya fara sassaƙa fuskar jita da doro a ƙarshen ƙarni na 19. A farkon shekarun 1920 kamfanin Gibson ya fito da samfurin L-5 mai huda biyun nan, don jita ta iya ɗaga murya cikin taron masu ƙaho da ganguna, lokacin ba lantarki a jikinta. A 1936 aka yi ES-150 mai lantarki, wadda makaɗin jaz Charlie Christian ya shahara da ita. Shekarar da ta shafe mu kuwa ita ce 1949, da aka fito da ES-175 a kan dala 175, maimakon sassaƙa aka yi jikinta da siraran fallayen katako da aka manne aka matse su suka yi doro. Tawa a wannan layin take.

Masu sharhi daga ƙasashen sanyi sassaƙaƙƙiya suke fifitawa, mai falle-falle kuwa suna ɗaukar ta ta mai ƙaramin ƙarfi. Ban musa musu ba cewa sassaƙaƙƙiya ta fi amo idan ba a jona ta da wuta ba. Amma su ba su san hunturunmu ba. Masu ƙera jita suna cewa a ajiye ta inda laimar iska take tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Birnin Kebbi, daga Disamba zuwa Fabrairu, laimar kan sauka ƙasa da kashi 20, sannan Afrilu ya zo da zafin da ke haura digiri 40, sannan damina ta jiƙa komai. Katako guda idan ya bushe tsukewa yake yi ta faɗinsa, gefuna kuma a manne suke ba su barinsa ya motsa, sai ya tsage, galibi daga bakin huda ko daga haɗin tsakiya. Na ga haka da idona a jitar wani abokina da ya kawo daga Kaduna: hunturu ɗaya, tsaga ta taso daga gindi har kusa da jaki, wato ɗan katakon da tsirkiya ke hawa a kan fuska. A nan kuma wa zai ɗinke maka ita? Mai falle-falle kowane falle an gicciye shi a kan ɗan'uwansa, ɗaya na son tsukewa ɗaya na riƙe shi. Fuskar tawa har yau ko layin gashi babu. Abin da ake raina ta a kansa a can, shi ne ya raya ta a nan.

Ba wai hunturu bai taɓa ta ba sam. Allon da yatsu ke dannawa katako ne guda marar fenti, shi kam ya ɗan tsuke, har bakunan ƙarafan da ke jere a wuya suka fara kartar hannu. Wuyan ma ya ɗan motsa, tsirkiya ta soma zuza a matakan farko. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa da ɗan makulli daga wajen kai. Rubu'in juyi ake yi, a bar ta ta kwana, a sake dubawa. Mai gaggawa shi ke karya ta. Bayan haka na samu kwanon sabulu na roba, na huhhuda murfin, na sa soso mai ɗan danshi wanda aka matse sarai, na ajiye cikin akwati kusa da kai, inda ruwa ba zai taɓa katako ba. Da wannan da rufe akwati duk lokacin da ba a kiɗa, wuyan ya zauna. Amfanin akwatin ke nan. Da damina sai a cire soson, in ba haka ba fumfuna ce za ta biyo baya. Kuma kada a bar ta cikin mota a rana ko da na zaman cin abinci ne, domin zafin rufaffiyar mota yana sassauta gam.

Ga mai niyyar saye, wuya shi ne jita. Fenti da ya goge, ruwan zinarin ƙarafa da gumi ya cinye, maɓalli mai ƙara, duk waɗannan abin rage farashi ne kawai. Ka ɗora gindinta a ƙasa, ka rufe ido ɗaya, ka bi wuyan da kallo daga kai zuwa jiki. In ya ɗan lanƙwasa gaba ko baya, sandar ciki za ta gyara, muddin tana juyawa, don haka ka roƙi mai shago ya bari ka gwada ta a gabansa. In kuwa murɗewa ya yi, gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, ka ajiye ta ka yi sallama. Ka shafa bayan kai ka ji ko ya taɓa karyewa aka manne. Sai ka dubi jaki: yana da ƙafafu biyu masu zare da ake murzawa a ɗaga shi ko a sauke. Idan an sauke shi har ƙarshe amma tsirkiya na nan sama nesa da allo, to wuyan ya tashi daga mahaɗinsa ko fuskar ta sauya, gyaran kuma ya fi ƙarfin duk wanda na sani daga nan har Sakkwato. Na tafi shagon da ɗan madubi irin na masu haƙori, na zura ta huda, na haska fitilar waya na ga sandunan da ke tallafe da fuskar daga ciki suna manne daram. Alhaji ya tsaya yana kallona, ya ce bai taɓa ganin mai saye ya yi wa kaya irin wannan binciken ba, amma bai hana ni ba, na kuwa gode masa.

Jakin nan ba a manne yake ba, ba a kuma ɗaure shi da kusa ba. Nauyin tsirkiya ne kaɗai ke danne shi a kan fuska. Wani dattijo makaɗin molo daga wajen Argungu, abokin mahaifina, ya zo gaisuwa ya same ni da ita. Ya karɓa, ya juya ta, ya tura jakin da ɗan yatsa ya ga ya motsa, sai ya ce, "Ɗana, wagga ai jakinta irin namu na, ba a kahe shi ba." Na ce, "Haka ne, Baba." Ya riga ya gane abin da samari da yawa ba su ganewa sai sun kwance tsirkiya shida gaba ɗaya jakin ya faɗi, su rasa mazauninsa. Ɗaya-ɗaya ake canza su. In kuwa ya riga ya gusa, ga yadda ake mayar da shi: nisan da ke tsakanin bakin wuya na sama da ƙarfe na 12, shi ne kusan nisan da ke tsakanin ƙarfe na 12 da jaki. Ka kaɗa tsirkiya a sake, ka danne ta a mataki na 12. Ya kamata ta maimaita sautin farko a siririyar murya. In sautin ya haura haka, ja jakin baya wajen gindi, in ya gaza, tura shi gaba. Da ka samu wurin, ka yi alama da ɗan salatif mai laushi.

Tsirkiyar da na tarar a jikinta sirara ce mai kaushi, irin ta jitar biki. Da ita muryar ba ta fita, kuma jakin bai samun nauyin da zai zauna. Na sa mata masu santsin baya, D'Addario Chromes, masu lambar kauri daga 12 zuwa 52. Akwai na Thomastik da ake yi a Ostiriya, sun fi laushi a yatsa, sun kuma fi tsada. Ban samu ko ɗaya a shagunan garin nan ba. Daga Legas ake ba direba ya sauke mini a tasha. Sauƙin abin shi ne suna daɗewa ƙwarai, don ba su da ramukan da gumi da ƙura za su maƙale, a goge su da tsumma bayan kiɗa ya wadatar. A lura tsirkiya ta uku ta zama naɗaɗɗiya, domin da ita aka yanka jakin katako. In aka sa sulɓaɓɓiya, sautinta ba zai daidaita a saman wuya ba.

Muryarta ce ta sa na yi duk wannan ɗawainiya, kuma ta biya ni. Na'urar ɗaukar sauti biyu gare ta, ni ta kusa da wuya kaɗai nake amfani da ita, in rage kaifi kaɗan. Sautin yana fita da kauri, a dunƙule, yana da ɗan bugu a farkonsa, ba ya kuma jan dogon amo: ya faɗi abin da zai faɗa ya ba na bayansa wuri. Saboda haka ko yatsu huɗu ka danne lokaci ɗaya kana jin kowace tsirkiya daban. Da babban yatsa nake kaɗa ta, yadda makaɗin jaz Wes Montgomery ya yi suna da shi, da dare kuma ko ban kunna amfilifaya ba ramin cikinta yana ba ni abin da zan ji ba tare da na tashi yara ba. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne yadda ta karɓi karin kiɗanmu. Gajerun jimlolin nan masu maimaituwa, da makaɗi ke kewayawa a kansu yana ɗan sauya ƙafa, suna zama a bakinta ba tare da an tilasta mata ba. Dattijon nan ya zauna ya saurara har aka kira la'asar.

Akwai inda ba ta shiga. Na kai ta wani biki inda aka jera manyan lasifika, da aka ɗaga murya sai ramin cikinta ya kama iskar lasifikar ya soma kuka. Halin duk jita mai fanko ne. Ana rage shi idan aka kau da amfilifaya daga bayan jikinta zuwa ɓangaren wuya, aka rage ƙarar ƙasa, ko aka toshe hudojin da soso, amma toshewar na cin wani abu daga muryar. Wanda abincinsa ke filin biki da janareta ya nemi marar rami. Haka wanda ke son salon jitar Agadas da samarinmu ke ji daga Nijar, mai gudu da zamiya: tsirkiya mai kaurin 12 za ta gajiyar da yatsunsa. Wurinta ɗaki ne, ko ƙaramin zaure, ko ɗakin ɗaukar sauti.

Maɓallin nan mai ƙara ƙurar shekaru ce ta cika shi. Gyaransa ya nuna mini wata wahala da ya kamata mai saye ya sani: ba ƙofa a bayan irin wannan jita, duk wayoyinta ta huda ake zaro su a kuma mayar. Wani mai gyaran rediyo a kasuwa ne ya yi mini, mutum mai haƙuri. Kafin ya kwance kowane maɓalli sai da muka ɗaura masa zare, don in an gama a jawo shi ya koma raminsa. Muka shimfiɗa tsumma a kan fuskar saboda ɗigon dalma. Ya wanke, ya ɗaure mazugin waya da ya yi sako-sako, ya karɓi abin da bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya rage mata yanzu ƙarafan matakai biyar na farko ne, waɗanda mai ita na da ya cinye har suka yi kwari a ƙarƙashin tsirkiya ta biyu da ta uku. Suna kiɗuwa tukuna, amma nan gaba sai an daidaita su ko an sauya, wannan kuwa ba aikin kafinta ba ne, na mai gyaran jita ne da kayan aikinsa. Na fara tambaya a Abuja da Legas, kuma in lokacin ya yi da kaina zan kai ta, ba zan ba direba ba. Wanda zai sayi irinta ya dubi waɗannan ƙarafan tun a shago, ya sa kuɗin gyaransu da na mota cikin lissafi kafin ya taya.