Wata Takwas Ina Tallata Littattafaina a Tashar WhatsApp

Na shafe shekaru ina rubuta labaraina a waya ina watsa su a zaurukan WhatsApp, kamar yadda marubutan Hausa da yawa na wannan zamani suke yi tun bayan da kasuwar littattafan takarda ta ja baya. Zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 256 ne a da, sai a shekarar 2022 aka ɗaga adadin zuwa 512, daga baya zuwa 1,024, amma duk da haka sai da na tara zauruka da yawa, kullum ina bin su ɗaya bayan ɗaya ina tura shafi guda. Lokacin da kamfanin Meta, mamallakin WhatsApp, ya fito da tsarin tasha, wato Channel, inda mai ita yake watsa saƙo ga mabiyansa, a watan Yunin 2023 a ƙasashen Kolombiya da Singafo, ya kuma faɗaɗa shi zuwa ƙasashe sama da 150 a watan Satumba, ban yi gaggawar buɗewa ba. Rufewar dandalin OkadaBooks a ƙarshen Nuwamban 2023, inda marubutan Hausa da dama suke ajiye littattafansu, ita ce ta sa na zauna na tambayi kaina ta ina zan sami masu karatuna idan wata ƙofa ta sake rufewa.

Abin da ya fi kwanta mini a rai game da tashar shi ne sirri. A zaure, duk wanda ya shigo yana ganin lambar kowa, kuma akasarin masu karanta labaraina mata ne, da yawansu matan aure. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, wani ya shigo da sunan mace ya kwashe lambobi, ya bi mutane da sallama cikin dare. Akwai wata baiwar Allah da ta daɗe tana bibiyar rubutuna, ta turo mini saƙo tana ba ni haƙuri cewa za ta fita domin maigidanta ya ga baƙin lambobi a wayarta, kuma ban ga laifinsa ba. A tasha mabiya ba sa ganin lambar juna, haka nan ba sa ganin tawa. Da na sanar da wannan, wasu daga cikin waɗanda suka fita tun tuni sun dawo, har da ita. Ko da wannan ce kaɗai fa'idar tashar, a wurina ta biya wahalar buɗe ta.

Sai dai tasha hanya ce mai zuwa ba dawowa. Ni nake magana, su kuma a lokacin iyakacin abin da suke iya yi shi ne su danna alamar zuciya, ko ta kuka, ko ta dariya. Duk marubuciyar da ta saba da zaure ta san cewa sharhin masu karatu shi ne man da yake tuƙa alƙalami: wannan ta ce kishiyar ta cika mugunta, waccan ta roƙa kada a kashe jarumin, wata ta gyara miki yadda ake kamun amarya a garinsu. A makonnin farko na ji kamar ina magana a ɗakin da babu kowa. Da aka ƙara damar jefa ƙuri'a da tura saƙon murya a farkon 2024 abin ya yi sauƙi, domin ta hanyar ƙuri'a na bar su suka zaɓi bangon littafina na ƙarshe, na kuma lura cewa shafin da na karanta da bakina ya fi samun amsa daga waɗanda karatun boko yake yi musu nauyi. Duk da haka akwai zaure ɗaya da ban rufe ba, na bar shi domin hira kawai.

Wani abin da ya kamata marubuci ya sani tun kafin ya fara shi ne cewa abin da aka wallafa a tasha kwana 30 yake yi ana iya ganinsa. Ga mai ba da labaran yau da kullum wannan ba komai ba ne, amma labarin da zai kai shafi 70 yana ɗaukar watanni, don haka wadda ta shigo a tsakiya ba za ta tarar da farkonsa ba. Na magance wannan da ajiye shafukan kyauta a Wattpad, wani dandalin karanta labarai a intanet, ina maimaita mahaɗinsu duk ranar Juma'a.

Yawan mabiya kuma yana iya ruɗar mutum. Sanarwar tasha a kashe take zuwa, sai mai bibiya ya kunna ta da hannunsa, kuma mutane da yawa ba su san haka ba. Na ga lambar mabiyana tana hawa, amma masu buɗe shafi ba su ƙaru daidai da ita ba, har sai da na tsayar da lokaci guda, bayan sallar isha'i, lokacin da aka gama da kwanuka yara kuma sun kwanta. Da mutane suka san cewa a wannan lokacin shafi yake sauka, sai suka riƙa zuwa da kansu ba tare da wayarsu ta yi ƙara ba.

Game da ciniki, ban sayar da ko shafi ɗaya a cikin tashar kanta ba. A can nake shela, ina ba da shafukan farko kyauta, wadda labarin ya kama ta sai ta tuntuɓi wani layi da na ware domin wannan aiki, ta tura kuɗi ta banki, ta turo shaidar biya, a saka ta a keɓaɓɓen zauren waɗanda suka biya. Masu karatuna na Maraɗi da Damagaram suna biya da sefa ta kamfanonin aika kuɗi na Nijar, wata 'yar'uwa a can tana karɓa mini. Satar littafi kuwa tana nan yadda take, domin wata ta biya kuɗin mutum ɗaya ta kwashe littafin gaba ɗaya ta watsa a wasu zauruka, abin da ya hana ni barci kwanaki. Amfanin da tashar ta yi mini a ranar shi ne na sami wuri guda da na faɗa wa kowa a lokaci ɗaya cewa ban yafe ba, kuma wasu da suka karanta na satar sun biyo ni sun biya.

Ga marubuciyar da ta riga ta tara mutane a zauruka, ina ba ta shawarar ta buɗe tasha, ta kuma riƙe zaure ɗaya domin jin bakin masu karatu. Sabuwar marubuciya kuwa za ta daɗe tana jira idan ta dogara da tashar kaɗai, domin mabiyana na farko duk daga zauruka da shafina na Facebook suka biyo ni. Littafina na gaba a tashar zan fara sakin sa bayan Sallah, in Allah ya yarda, kuma wannan karon kowane shafi zai fito da rubutu da murya.