Gargaɗi ga 'yan uwa mazauna Ontariyo: a yi hattara da masu "rangwamen hunturu"

Assalamu alaikum jama'a. Abin da ya sami ƙanena ne ya sa na rubuta wannan, don na ji ɗan kwangilar ginin da ya cuce shi yana nan yana yawo a zaurukanmu na WhatsApp yana neman aiki.

A watan Janairu ya zo masa da daɗin baki, wai lokacin sanyi kasuwa ta mutu, zai haƙa masa harsashi ya zuba ɗakin ƙarƙashin ƙasa a farashi mai sauƙi, muddin za a ba shi kusan rabin kuɗin a hannu, ba cak ba rasit. Ƙanena ya ga banza ta faɗi, ya ba shi.

Ana gini da sanyi a Kanada, wannan ba sabon abu ba ne, amma yana da sharuɗɗa. Ba a zuba kankare a kan daskararriyar ƙasa, domin idan ta narke za ta zauna, harsashin ya bi ta. A yankin Toronto sai an haƙa kusan mita 1.2 kafin a wuce inda sanyi ke kaiwa. Kuma da zarar yanayi ya yi ƙasa da digiri 5, dole a kwaɓa da ruwan zafi, a lulluɓe da barguna na musamman, a kewaye da tamfol a kunna hita na wasu kwanaki. Idan ruwan cikin kankare ya daskare kafin ya kama, zai iya rasa kusan rabin ƙarfinsa, kuma ba ya dawowa. Kuɗin waɗannan abubuwa ne ya sa aikin hunturu ya fi tsada. To ina rangwamen zai fito? Daga jikin gininka.

Shi wannan bawan Allah haka ya zuba a kan ƙanƙara, ya rufe da leda, ya mayar da ƙasa washegari, bai kira jami'in duba gini ba, alhali doka ta ce sai an duba ramin kafin a zuba. Da Afrilu ta yi, bango ya tsage tun daga ƙasa, ruwa yana tsattsafowa. Lambar wayar ɗan kwangilar kuma a kashe. Injiniyan da ya duba ya ce sai an farfasa an sake, ga iyali suna zaman haya.

Duk wanda ya zo muku, ku ce ya nuna izinin gini da inshorarsa. Idan sabon gida ne gaba ɗaya, ku duba lasisinsa a shafin HCRA, hukumar da ke ba masu gina sabbin gidaje lasisi a Ontariyo. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari, a biya ta banki, a rubuta a yarjejeniya wa zai ɗauki nauyin ɗumama wurin. Ranar zubi kuma ku je da kanku, ku caka ƙarfe a ƙasan ramin don ku ga ko ƙasar ta daskare, ku karɓi takardar da direban motar kankare ya zo da ita.

Mun kai ƙara wajen 'yan sanda. Wanda irin haka ta same shi ya yi mini magana ta akwatin saƙo, mu haɗa shaidu.