Karas a Winnipeg: dogon nan na kanti ko Nantes?

Hajiya, kin ce kina Winnipeg a ƙasar Kanada za ki shuka karas a bayan gida, kina tambaya ko irin dogon nan na kanti za ki saya ko gajeren da ake ce wa Nantes. Na shuka duka biyun, ga abin da na gani.

Dogon sunansa Imperator, yana kai santimita 20 zuwa 25, shi ƙasa mai yashi yake so wadda zai nutse ba abin da ya tare shi. To ke ma kin ga ƙasar garin nan, baƙin yumɓu ce, in ta jiƙe ta liƙe miki a takalmi in ta bushe sai ki rantse siminti aka zuba. Shekarar da na shuka shi abin da na tono wallahi abin dariya, wani ƙafa biyu wani ya murɗe kamar ɗanyar citta, ga shi sai ya ci kwana 75 zuwa 80.

Nantes bai wuce santimita 15 ko ɗan sama ba, gindinsa ba tsini, kwana 65 zuwa 70 ya yi, kuma ya fi zaƙi da taushi. A akwatin katako mai zurfin santimita 30 da kika cika da ƙasa da takin da ya ruɓe sosai yake fitowa sak.

Za ki ce kwana goma ai ba komai, amma lokacin namu daga ƙarshen Mayu ne zuwa Satumba, kuma in ƙasa na da sanyi irin sai ya yi sati uku bai tsiro ba har ki ɗauka ya mutu. Da Nantes kina iya sake wata shukar a ƙarshen Yuni ki ci.

Sanyin kansa kar ya dame ki, ko a gida ai da hunturu ake nomansa a Zariya. Sanyin farkon Oktoba zaƙi ma yake ƙara masa, ki dai tone kafin ƙasa ta daskare.

Kowanne kika ɗauka kar ki rene shi a kofi ki dasa kamar tumatir, saiwar lalacewa take. Ki yafa shi sama-sama, ki rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, kullum ki ɗaga ki leƙa, ranar da kika ga tsiro ki cire. Ni dai Nantes zan sake saya bana.